Ƙaramin injin ƙyanƙyasa mai gurbi 56: yadda ya yi da ƙwan agwagwa da na dinya

Shekara biyu ke nan ina aiki da ƙaramin injin ƙyanƙyashe ƙwai irin na roba, mai gurbi 56 da murfin da ake hango cikinsa, wanda ake sayarwa da sunaye daban-daban alhali ƙirarsa ɗaya ce, tun daga tiren juya ƙwai har zuwa allon lambobin da ke kan murfin. Ban ga dalilin ambaton sunan da aka manna wa nawa ba, domin duk wanda ya taɓa ganin ɗaya daga cikinsu zai gane wanda nake nufi. A tsawon wannan lokaci na zuba masa ƙwan agwagwa iri biyu da kuma ƙwan dinya, zubi bayan zubi, kuma hukuncin da na yanke shi ne cewa injin yana iya ƙyanƙyashe ƙwan tsuntsayen ruwa, amma ba dominsu aka ƙera shi ba. Wanda ya zana shi ƙwan kaza ne a ransa, daga faɗin gurbi har zuwa lissafin kwanaki, don haka mai kiwon agwagi ko dinyoyi dole ne ya cike giɓin da kansa, ya kuma san ƙwan da ke hannunsa fiye da yadda takardar bayanin da ke cikin kwalin ta san shi.

Dangin nan na agwagi da dinyoyi da manyan tsuntsayen nan masu dogon wuya da ake kira suwan, wanda masana suka raɗa wa suna Anatidae, ya ƙunshi nau'o'i fiye da 160, amma kaɗan ne daga ciki ɗan Adam ya mayar na gida. Kusan dukkan agwagin gida sun fito ne daga agwagwar daji guda ɗaya, wato malad, wadda toronta ke da koren kai, in ban da Maskobi mai jan tsiro a fuska, wadda asalinta yankin tsakiya da kudancin nahiyar Amurka ne, kuma ba ta kuka kamar sauran sai huci. Wannan bambanci shi ne ya sa na nemi inji tun da farko. Maskobi uwa ce ta gari, tana kwanci da naci, har ana sa mata ƙwan wasu ta ƙyanƙyashe. Amma irin su Pekin, wadda aka kai Amurka daga Sin a 1873, da Khaki Campbell, wadda aka samar a Ingila wajen shekarar 1900 kuma take iya yin ƙwai kusan 300 a shekara idan ta samu kulawa, an daɗe ana zaɓar su saboda nama da yawan ƙwai, har ɗabi'ar kwanci ta yi rauni ƙwarai a cikinsu. Dinya kuwa tana kwanci, sai dai ƙwanta na lokaci ne, 'yan gomomi kawai take yi a shekara, kuma da zarar ta kwanta ta daina yin wani, shi ya sa mai son ya tara garke yake kwashe ƙwan ya kai inji.

Ƙirar injin ba ta da wuyar fahimta. A ƙasa akwai kwanon roba mai kwaroron zuba ruwa, a kansa akwai raga, a kan ragar tiren juyawa wanda ƙaramin inji ke karkata shi hagu da dama bayan kowace awa biyu, sannan a cikin murfi akwai fanka da wayar ɗumama da na'urorin auna zafi da laima. Allon yana nuna zafi da laima da adadin kwanakin da suka wuce, kuma akwai ƙararrawa da ke kuka idan wani abu ya kauce daga inda aka saita shi. Haɗa shi bai ɗauke ni fiye da 'yan mintoci ba, kuma a wannan fanni ba ni da abin cewa sai yabo. Shawara ɗaya da zan bayar tun a nan ita ce kada a jefar da farin soson da aka ƙunso injin a ciki, domin robar jikinsa siririya ce, zafi yana zurarewa ta cikinta, kuma mayar masa da wannan soso a ɗaki mai sanyi yana rage hawa da saukar zafi sosai.

Matsala ta farko da na ci karo da ita ita ce ta kwanaki. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, kuma a kan haka aka tsara lissafin wanda ke hannuna, har yana tsayar da juyi da kansa a rana ta 18. Ƙwan agwagin da suka fito daga malad kwana 28 yake bukata, na Maskobi kwana 35, na dinya kuma wajen kwana 30, yana ɗan raguwa a ƙananan iri yana ƙaruwa a manya. Idan aka bar injin a kan saitin da ya zo da shi, zai daina juya ƙwan agwagwa mako guda kafin lokacin da ya dace, na Maskobi kuwa mako biyu. Ana iya gyara wannan ta maɓallan allon, ko a sake mayar da lissafin farko a tsakiyar zubi, amma takardar bayanin ba ta yi maganar ba ko da a layi ɗaya, kuma ina ganin wannan babban sakaci ne ga kayan da aka rubuta a kwalinsa cewa ya dace da agwagwa da dinya. Ni dai na koma rubuta ranar zubi da ranar tsayar da juyi a takarda ina liƙawa a bango, kuma tun daga nan ban ƙara dogara da lissafin allon ba. Wannan saɓanin kwanaki shi ne kuma dalilin da ya sa haɗa iri biyu a zubi ɗaya yake jawo wahala, domin lokacin da wani ƙwan ke son a daina juya shi a ƙara masa laima, ɗayan yana da sauran mako guda na juyi.

Lamba 56 ɗin nan ma ta kaza ce. Ƙwan kaza bai cika wuce giram 60 ba, na agwagwa kuwa yana kamawa daga giram 70 zuwa 90 gwargwadon iri, na dinya daga 140 zuwa kusan 200. Ƙwan Khaki Campbell yana shiga gurbin ba tare da matsi ba, amma manyan ƙwayayen Pekin suna gogar juna idan tire ya karkata, har sai da na riƙa tsallake gurbi ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage yawan abin da injin ke ɗauka zuwa kusan rabi. Ƙwan dinya ba ya shiga ko kaɗan, kuma ko da ya shiga, tsayuwa a kan tsini ba ita ce ta fi dacewa da shi ba. Manyan ƙwayayen tsuntsayen ruwa sun fi yin kyau idan an kwantar da su a gefe ana mirgina su daga wannan fuska zuwa waccan, kamar yadda uwa take yi da bakinta a cikin sheƙa. Saboda haka a zubin dinya na cire tiren gaba ɗaya, na jera ƙwan a kan raga, na yi wa kowanne alama da fensir a fuskoki biyu, ina juyawa da hannu sau uku ko sau biyar a yini, kullum dai adadi mara, don kada ƙwai ya kwana a kan gefe ɗaya dare biyu a jere. Ke nan abin da aka fi tallata injin da shi, wato juyi da kansa, bai amfane ni da komai ba a kan dinya. Amfanin juyin kuwa ba ƙarami ba ne, domin shi ke hana ɗan tayi mannewa da tantanin ɓawo, shi ne kuma ke taimaka wa jijiyoyin jini su bazu su kewaye cikin ƙwan a makonni biyu na farko.

Game da zafi, injin ya yi abin da ake bukata, da sharaɗi ɗaya. A injin da ke da fanka, digiri 37.5 a ma'aunin Salsiyas shi ne abin da ake nema ga agwagwa da dinya kamar yadda yake ga kaza, kuma nawa yana riƙe zafinsa ba tare da tangal-tangal mai yawa ba. Sai dai da na sa ma'aunin zafin jiki irin na asibiti a daidai tsayin ƙwan, na tarar allon yana faɗin abin da ya ɗara gaskiya da kusan rabin digiri, kuma kusurwoyi huɗun sun fi tsakiya sanyi. Rabin digiri a ido ba komai ba ne, amma a cikin kwana 28 yana iya jinkirta ƙyanƙyasa da yini ɗaya ko fiye, ya kuma fitar da 'ya'ya raunana. Akwai wurin gyara wannan kuskure a cikin saitin, na gyara, sannan na riƙa sauya wa ƙwan gefe da na tsakiya mazauni bayan 'yan kwanaki. Duk wanda ya sayi irin wannan inji ya kamata ya kunna shi babu ƙwai na yini guda cur, da ma'auni na daban a ciki, kafin ya danƙa masa ko da ƙwai ɗaya.

Laima ita ce inda na fi shan wahala, kuma a nan ne nake ganin mafi yawan masu farawa ke yin asara. Tunanin da ke fara zuwa wa mutum shi ne cewa tun da agwagwa tsuntsuwar ruwa ce, ƙwanta ma ruwa mai yawa yake so, sai ya cika duk kwaroron injin tun daga ranar farko. Haka na yi a zubina na fari, kuma ƙararrawar injin ta ƙarfafa mini gwiwa a kan kuskuren, domin tana kuka da zarar laima ta ɗan sauka. Da lokaci ya cika na fasa ƙwayayen da suka yi baragurbi, na tarar da 'ya'ya cikakku, manya, jiƙe sharkaf, sun mutu ba su ko tsaga ɓawo ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin rayuka ne da suka kai bakin fitowa, kuma rashin sanina ne ya tare su.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne cewa ƙwai dole ne ya yi asarar ruwa kafin a ƙyanƙyashe shi. Ɓawon yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga, ta nan kuma tururin ruwa ke fita, kuma gwargwadon ruwan da ya fita gwargwadon girman kogon iskar da ke gefen ƙwan mai faɗi. A cikin wannan kogo ɗan agwagwa yake fara tura bakinsa ya shaƙi numfashinsa na farko kafin ya taɓa ɓawo, don haka idan kogon ya yi ƙanƙanta, ko ruwa ya yi saura, sai ya shaƙe. Abin da masana kiwon agwagwa suka daidaita a kai shi ne laima wajen kashi 55 cikin ɗari har zuwa rana ta 25, da asarar nauyi ta kimanin kashi 14 cikin ɗari zuwa lokacin tsaga ɓawo, inda kogon iska zai kai kusan kashi ɗaya cikin uku na cikin ƙwan. Lamba ta biyu ta fi ta farko muhimmanci, domin kaurin ɓawo ya bambanta daga tsuntsuwa zuwa tsuntsuwa, iskar ɗaki ma ta bambanta daga lokaci zuwa lokaci. Ƙwan tsuntsayen ruwa kuma yana da wani siririn lulluɓi mai maiƙo a bayansa, wanda ke kare shi daga ƙwayoyin cuta a sheƙa mai danshi, amma yake rage saurin fitar ruwa, shi ya sa sau da yawa ƙwan Maskobi da na dinya suke bukatar laima ƙasa da abin da aka rubuta.

Daga nan na sayi ƙaramin sikeli mai auna giram, kuma ina ɗaukarsa a matsayin ɓangaren injin da aka manta ba a saka a kwali ba. Lissafin mai sauƙi ne: ƙwai mai giram 80 a ranar zubi ya kamata ya rasa wajen giram 11 zuwa rana ta 25, wato kimanin giram 3 a kowane mako, ya tsaya a kusa da giram 69. Ina auna ƙwayaye kaɗan da na yi wa lamba sau ɗaya a mako, ina kuma zana iyakar kogon iska da fensir lokacin haska ƙwan da fitila don ganin cikinsa. Idan nauyi bai sauka yadda ya kamata ba sai in rage ruwa, wani lokaci ma in bar injin a bushe na 'yan kwanaki, idan kuma ya sauka da yawa sai in ƙara. A nan ya dace a san cewa faɗin fuskar ruwa ne ke ƙara laima, ba zurfinsa ba, don haka cika kwaroro ɗaya har baki daidai yake da zuba masa rabi, sai dai ya fi daɗewa bai ƙafe ba. Ma'aunin laimar injin kuwa ban yarda da shi ba sam. Na sayi wani na daban, na gwada shi ta hanyar rufe shi cikin mazubi tare da gishirin da aka ɗan jiƙa na tsawon dare, inda ya kamata ya nuna kashi 75, sannan na kwatanta shi da na injin, na ga tazara mai yawa a tsakaninsu, tazarar kuma ba ta tsaya wuri ɗaya ba, tana ƙaruwa bayan kowace ƙyanƙyasa saboda ƙurar gashi da ke liƙe wa na'urar.

Akwai wani aiki da injin ba ya yi ko kaɗan, wato shan iska da feshi. Uwa a sheƙa takan tashi sau ɗaya ko biyu a yini ta ci abinci ta yi wanka, bayan ta lulluɓe ƙwan da lallausan gashin da ta fige daga ƙirjinta, sannan ta dawo da sauran danshi a jikinta. Masu kiwon dinya da Maskobi sun daɗe suna kwaikwayon wannan, inda daga wajen rana ta 7 zuwa ta 10 suke buɗe inji kullum na minti 10 zuwa 15, su fesa wa ƙwan ruwa mai ɗumi, su daina idan ƙyanƙyasa ta rage kwana uku. Feshin, duk da cewa ruwa ne, yana taimaka wa ƙwai ya ƙara fitar da nasa ruwan, shan iskar kuma yana rage zafin da babban ƙwai ke tarawa a cikinsa idan ɗan tayi ya girma ya fara samar da ɗumin kansa. A ƙwan Pekin da Khaki Campbell ban ga ya zama dole ba, amma a na dinya na ga kogon iska yana faɗaɗa yadda ake so bayan na fara yi. Abin yabo a nan shi ne injin yana komawa zafinsa cikin 'yan mintoci bayan an rufe murfi, abin takaici kuma shi ne ƙararrawar da ke ta kuka muddin murfin yana buɗe.

Fitilar haska ƙwai da aka haɗo da shi tana iya ratsa farin ƙwan agwagwa, amma ta gaza a kan kaurin ɓawon dinya, don haka tocila mai ƙarfi a ɗaki mai duhu ta fi ta. A rana ta 7 ƙwai mai rai yana nuna jijiyoyin jini kamar saƙar gizo-gizo da ɗan ɗigo a tsakiya, wanda toro bai taka ba yana nan fayau, wanda ya fara ya mutu kuma yana nuna jan zobe. Cire waɗannan biyun na ƙarshe wajibi ne, musamman ga agwagwa, domin takan yi ƙwai a ƙasa mai laka, ƙwan ya zo da ƙazanta, kuma ruɓaɓɓen ƙwai ɗaya da ya fashe a cikin wuri mai ɗumi da danshi ya isa ya gurɓata sauran. Mafi alheri shi ne a tara ƙwai da sassafe daga shimfiɗa mai tsabta, a ajiye shi a wuri mai sanyi tsininsa na kallon ƙasa, kada kuma ya wuce mako guda kafin a zuba, domin daga nan ƙarfinsa yake fara raguwa.

Kwana ukun ƙarshe su ne jarrabawar injin ta gaskiya, kuma sakamakonsa a nan rabi da rabi ne. A rana ta 25 ga agwagwa, ko ta 32 ga Maskobi, ana cire tire, a kwantar da ƙwan a kan raga, a ɗaga laima zuwa kashi 65 zuwa sama, a ƙara ta idan an fara tsaga ɓawo, a kuma buɗe ƙofofin iska domin a wannan lokaci bukatar numfashi ta fi yawa. Kwaroron injin kaɗai bai iya kai ni inda nake so ba sai da na ƙara jiƙaƙƙen soso mai tsabta. Abin da na ji daɗinsa shi ne ƙaramar kafar zuba ruwa ta waje, wadda ke ba mutum damar ƙara ruwa ba tare da ɗaga murfi ba, da kuma murfin da ake gani ta cikinsa, domin ɗan agwagwa ba ya gaggawa. Bayan ya yi tsagar farko da ɗan haƙorin da ke kan bakinsa, yakan kwanta yini ɗaya, wani lokaci har biyu, yana shanye sauran gwaiduwa ta cibiya, jijiyoyin tantani kuma suna janye jininsu, kafin ya kewaye ɓawon ya ture shi. Wanda ya saba da 'yan tsakin kaza, da ke fitowa da sauri fiye da haka, hankalinsa yakan tashi ya sa hannu, kuma ɓare ɓawo kafin lokaci yana jawo zubar jini ko fitowa da gwaiduwa a waje. Buɗe murfi ma kaɗai yana busar da tantanin ƙwan da aka riga aka tsaga, ya manne wa ɗan a jiki. Ganin abin da ke faruwa ta murfi, da jin 'yan koke-kokensu suna amsa wa juna daga cikin ɓawo, shi ya taimake ni na riƙe hannuna.

Inda ya gaza kuwa shi ne tsayi da daɓe. Ɗan dinya yana miƙe wuya da zarar ya bushe, kuma a wannan inji kansa yana kaiwa kusa da ragar fanka, abin da ya sa ban taɓa barin 'ya'yan dinya su daɗe a ciki ba. Ragar ƙasa kuma tana da santsi ga ƙafa mai fata tsakanin yatsu, kuma ɗan da ƙafafunsa suka yi ta zamewa a yininsa na farko yana iya tashi da ƙafafu a wage. Shimfiɗa wani yadi mai kaushi a kan ragar ya magance wannan. Ba a bukatar abinci a cikin injin, domin gwaiduwar da suka shanye tana riƙe su yini guda har fiye, sai dai a jira su bushe gashinsu ya tashi kafin a kwashe su zuwa wurin ɗumi.

Ya kamata mai saye ya san cewa abin da ya fito daga inji maraya ne, kuma a wannan dangi maraicin yana da nauyi. 'Ya'yan agwagwa da na dinya suna fitowa da ido buɗe da ƙafar tafiya, kuma a sa'o'insu na farko suna ɗaukar abu mai motsi da suka fara gani a matsayin uwa. Masanin nan ɗan ƙasar Ostiriya, Konrad Lorenz, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973 tare da wasu masana biyu, ya yi suna ne da nazarin wannan ɗabi'a a kan dinyar daji mai ruwan toka, wadda daga gare ta ne mafi yawan dinyoyin gida na Turai suka fito. Na ga haka da idona, domin 'ya'yan dinyar da na fara kwashewa sun riƙa bin ƙafata suna kuka idan na ɓace musu. Renon su a rukuni, su shaƙu da junansu, ya fi alheri gare su. Haka kuma kada a sake su cikin ruwa mai zurfi da wuri, domin gashin jarirai na waɗanda ba su da uwa yana jiƙewa da sauri, sanyi ya kama su, kuma abincinsu yana bukatar sinadarin niyasin, wato bitamin B3, fiye da na 'yan tsaki, in ba haka ba ƙafafunsu su yi rauni.

Ɗaukewar wutar lantarki ta same ni fiye da sau ɗaya a tsakiyar zubi. Injin ba shi da batir a cikinsa, ko da yake akwai samfurin da ke da wayar haɗawa da batir mai bolt 12, kuma da zan sake saye shi zan nema. Abin da na yi shi ne barin murfi a rufe da lulluɓa masa bargo, kuma ƙwan ya jure 'yan sa'o'i, domin ɗan tayi ya fi jure sanyi na ɗan lokaci a kan zafin da ya haura digiri 40. Da wuta ta dawo injin ya ci gaba da saitinsa bai manta ba, wannan kuma na ƙirga masa shi a cikin alheransa.

Wasu sun tambaye ni ko zai ɗauki ƙwan suwan. Ban gwada ba, kuma ba zan ba da shawarar a gwada ba. Ƙwan farar suwan ta Turai yana kai giram 340, yana yin wajen kwana 36, kuma ƙaramin inji irin wannan ba shi da sararin da zai wadace shi. Ban da haka, mafi yawan suwan da agwagi da dinyoyin da ake gani a tafkuna na daji ne, kuma ƙasashe da yawa sun haramta ɗaukar ƙwan tsuntsayen daji, kamar yadda dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta yi a Amurka, da dokar namun daji ta 1981 a Birtaniya. Wannan inji na ƙwan tsuntsun gida ne da mutum ya mallaka.

Ga mai 'yan agwagi da ke son ƙyanƙyashe ƙwai ashirin ko talatin a lokaci ɗaya, wanda kuma zai iya ƙara sayen sikeli da ma'aunin zafi da na laima, ya kuma ware mintoci kaɗan kullum, ina ganin injin ya cancanci saye. Ga wanda dinya ce babban kiwonsa kuwa, gara ya nemi mai sandunan mirgina ƙwai a kwance da murfi mai tsayi, domin ƙwan dinya ya yi ƙaranci a shekara da za a riƙa gwaji da shi. Wanke shi bayan ƙyanƙyasa ma aiki ne da ya fi na kaza, saboda 'ya'yan agwagwa suna barin ƙazanta mai yauƙi da ƙurar gashi mai yawa. Kwanon ƙasa da raga da tire suna wankuwa da ruwan ɗumi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, amma fanka da na'urorin aunawa suna cikin murfi inda ruwa bai kamata ya taɓa ba, sai an kwance sukurori huɗu an bi su da busasshen burushi, sannan a bar komai ya sha iska yini biyu kafin a sake kunna shi babu ƙwai a duba ko ma'aunansa sun kauce.